Yadda zaka zaɓi tif ɗin sandar sinuka da zai maka daɗi a hannu da kunne

Tun da na canza kan sandata ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya ara ya buga ƙwallo biyu uku sai ya juyo ya ce oga wane irin tif ne wannan, a ina ka samu, nawa ka saya, me yasa nawa yake ƙara kamar ana dukan gwangwani. A gidan sinukan da muke zuwa a Samaru nan Zariya an tambaye ni, a Sabon Gari an tambaye ni, har ƙanen wani abokina ya taso tun daga Kongo da sandarshi a naɗe cikin buhu wai in duba mashi. Toh na gaji da maimaitawa, gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Ga wanda bai saba da sunayen ba, tif shi ne 'yar fatar nan da ke bakin sanda wadda ake goga ma alli, ƙarƙashinta kuma akwai zobe, wani farar roba ne wani na tagulla. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: tif ba ya ƙara ma mutum iyawa. Abin da yake canzawa shi ne yadda bugu ke dawo maka a tafin hannu da irin ƙarar da kunnenka ke ji, kuma rabin wannan ɗin ma ba daga sunan kamfani yake zuwa ba, daga yadda aka manna shi aka gyara kanshi ne. Mu je.

1. Tabbatar tif ɗin ne ke da laifi

Wannan matakin shi mutane ke tsallakewa su je su kashe kuɗi a banza. Sandarka tana wata ƙara ƙaras-ƙaras kamar abu ya tsage, sai kawai ka yanke hukunci tif ne, alhali wurare huɗu ne ke iya kawo wannan ƙarar.

Riƙe sandar a tsaye ka sa babban yatsa ka tura tif ɗin gefe da gefe. In ka ga ko ɗan motsi kaɗan, ko ka ga siririn layi baƙi tsakaninshi da zobe, gam ne ya saki. Daga nan ka kama zoben kanshi ka gwada murɗa shi, ka duba shi a hasken rana ko akwai tsaga, dan zoben da ya tsage ko ya yi lakwa-lakwa ya fi komi kawo wannan ƙarar mai ban haushi. In sandar mai haɗi biyu ce ka kwance ta ka goge wajen haɗin ka sake ɗaurewa tamau. Na ƙarshe, ka bubbuga gindin sandar a tafin hannunka kana saurare, wasu sandunan akwai ƙusar nauyi a cikin gindin bayan robar nan, in ta kwance sai ta riƙa rawa a ciki kana jin zirr duk bugu.

Gargaɗi: in zobe ne ya tsage kar ka manna sabon tif a kanshi, ko na dala talatin ne ƙarar tana nan, kuma tsagar za ta ci gaba har ta shiga katako. A fara canza zobe.

2. Auna bakin sandarka

Mu a nan komi sinuka muke ce mashi, amma sandunan iri-iri ne kuma tif ɗinsu ba ɗaya ba. Sandar asalin sinuka, ta babban teburin nan mai jajayen ƙwallaye 15, bakinta milimita 9 ne zuwa 10. Ta ƙaramin teburi irin na Ingila mai ƙwallaye ja da ruwan ɗorawa ta fi siranta, wajen 8 zuwa 9. Ta Amurka kuwa, mai ƙwallaye masu lamba, bakinta ya kan kai 12 zuwa 13 saboda ƙwallayenta sun fi girma da nauyi, milimita 57 ne, na sinuka kuma 52 da rabi.

Rula ma ta isa in idonka na da kyau, amma in kana da aboki cikin masu juya ƙarfe ko masu gyaran inji ka kai mashi ya auna maka da abin awon kaurinsu, minti ɗaya ne. Sai ka sayi tif da ya ɗara bakin sandar da kamar milimita 1. Bakin 13 ka sayi 14, bakin 9 ka sayi 10. Za a yanke rarar daga baya. Masu sayen daidai cif su ne zaka ga tif ɗinsu ya karkace gefe guda, dan da wuya hannun mutum ya ɗora shi a tsakiya sak kafin gam ya kama.

Ka kuma duba wane irin kai sandar ke da shi. Yawancin sandunan gidan wasa masu arha tif ɗinsu na murɗawa ne, mai ƙusa a gindi, ko kuma irin mai hular roba da ake cusawa. Waɗannan gaskiya babu wani zaɓin daɗi a cikinsu, ƙarfen ko robar da ke tsakani ya riga ya cinye duk wani taushin fata, ƙararsu kullum ƙwal-ƙwal ce. In irinsu gare ka kuma kana son abin da nake magana a kai, sai an cire an sa zobe na gaske wanda ake manna ma fata.

3. Zaɓi tauri

Nan ne gundarin maganar, dan haka bari in ɗan daɗe.

Mai taushi: idan ka buga za ka ji kamar farar ƙwallon ta ɗan lotsa cikin fatar kafin ta tafi, hannunka ba ya jin girgiza sosai, ƙararshi kuma ƙasa-ƙasa ce, ɗuf. Yana riƙe alli da kyau, yana da sauƙin gyara. Matsalarshi ba ya zama yadda ka bar shi, kanshi na bajewa, gefenshi ya kumburo ya yi lema ya rufe zobe, kullum kana cikin aske shi. Kuma abin da mutane ba su lura da shi ba, mai taushi ba ya dawwama da taushinshi, duk bugu danne shi yake, bayan wata ɗaya ko biyu na wasa kullum zaka ji ya koma kamar matsakaici. Elk Master, shuɗin nan na kamfanin Tweeten da ke Chicago, shi ne sanannen mai taushi, 'yan asalin sinuka da yawa shi suke sawa har gobe.

Matsakaici: ƙararshi tak, a tsabtace, hannu na jin bugun amma ba ya zafi. In baka san me kake so ba, ko sanda ɗaya gare ka da ita kake fasa ƙwallaye da ita kake wasa, to ka tsaya nan kar ka wahalar da kanka. Triangle da Le Pro, su ma na Tweeten ne, a nan ake lissafa su duk da sun fi karkata wajen tauri, ni dai a hannuna Triangle ya fi jurewa.

Mai tauri: ƙas. Duk abin da ya faru a bakin sanda sai ya iso tafin hannunka, ka buga tsakiya ka sani, ka kauce ka sani. Yana daɗewa, ba ya yin lema, kanshi na zama yadda ka gyara shi. Amma yana saurin yin santsi, in kai mai mantuwar goga alli ne zai riƙa sulɓe maka a gaban jama'a.

Sai na huɗu, fenolik, wanda ba fata ba ne sam, dangin abin da ake yin ƙwallaye masu kyau da shi ne. Na fasa ƙwallaye ne a bugun farko da kuma tsallakar da fara kawai. Ƙararshi kau kamar an harba bindigar wasa, samari na son shi saboda wannan. Gargaɗi: kar ka sa shi a sandar wasa, ba ya riƙe alli, kuma yana iya barin tabo a jikin farar ƙwallo musamman irin masu arhar nan da ke yawancin teburanmu, mai gidan wasa ba zai maka da daɗi ba.

Yanzu maganar da ake yawan musu a kai, wai mai taushi ya fi juya ƙwallo, ya fi jawo fara baya. Akwai wani tsohon malamin injiniya a jami'ar jihar Colorado a Amurka, David Alciatore, da ya daɗe yana ɗaukar bugun sanda da kyamara mai saurin gaske. Abin da ake gani shi ne tif mai tauri yana taɓa ƙwallo kamar kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa, mai taushi kuma kusan ninki biyun haka, duka biyun sun yi gajarta da yawa a ce hannunka ya yi wata dabara a ciki. Juyin ƙwallo ya dogara ne da nisan inda ka buga daga tsakiya, kuma iyakar da zaka iya kaiwa kafin sanda ta sulɓe kusan rabin tazarar da ke tsakanin tsakiyar ƙwallo da gefenta ne, ko da wane tif in dai da alli a kai. Mai tauri ma ya ɗan fi isar da ƙarfin bugu. To me yasa wani in ya sa mai taushi sai ja-da-bayanshi ya gyaru? Saboda ya daina tsoro ne, ya yarda ya sauke bakin sanda ƙasa sosai. Wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne, shi yasa nake cewa ka zaɓi wanda hankalinka ya kwanta da shi, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Yadda zaka gane naka ba tare da ka sayi guda biyar ba: ka ari sandunan mutane uku ko huɗu da ka san taurin tif ɗinsu, ka ajiye fara ita kaɗai ka buga ta tsawon teburi a hankali sau biyar, da ƙarfi sau biyar, sannan ka sa ƙwallo a gabanta ka gwada jawo ta baya. Ka yi wannan da rana lokacin da ba a kunna janareta ko kiɗa ba, in ba haka ba babu abin da zaka ji. Amma ka sani katakon sanda da irin zobe su ma suna da nasu muryar, zoben tagulla ya fi na roba kaifin ƙara, sandunan kabon baƙaƙen nan da ba na katako ba kuma wata ƙara ce daban gare su mai kamar bututu. Tif ɗin da ya yi ɗuf a sandar wani zai iya yin tak a taka.

4. Falle ɗaya ko mai hawa-hawa

Falle ɗaya fata guda ce aka danne aka yanko, irin su Elk Master da Triangle da Le Pro. Arha gare su, amma a kwali ɗaya zaka samu wani ya yi kyau wani ya yi fuka-fuka kamar soso, dan fatar dabba ba ta zama ɗaya ko'ina. Dabarar ita ce ka saki kowanne a kan tayil ko gilashi daga ɗan sama kaɗan ka saurara, mai ƙara a dunƙule shi ne mai kyau, wanda ya faɗi shiru kamar auduga ka mayar. Ka kuma danna farce a gefenshi, in ya buɗe kamar littafi ka bar shi.

Mai hawa-hawa kuwa siraran fatu ne wajen 8 zuwa 10 aka jera aka manne. Moori na Japan shi ya yi suna da wannan tun farko, sai Kamui su ma Japan, sai Tiger na Amurka masu Everest da Sniper. Amfaninsu duk wanda ka ɗauko kusan ɗaya yake da ɗan uwanshi, kuma ba su cika yin lema ba. Kamui na rubuta SS da S da M da H a jiki, wato daga mafi taushi zuwa mai tauri. Sai dai M ɗin wani kamfani ba shi ne M ɗin wani ba, kar ka dogara da harafi kaɗai.

Ga wata magana da masu sayarwa ba za su faɗa maka ba, wasunsu ma ba su sani ba: mafi yawan masu hawa-hawan nan da fatar alade ake yin su, Kamui da Moori duk ciki. Ni ba malami ba ne, hukuncin fatar da aka jeme kuma ka tambayi malaminka, amma haƙƙinka ne ka san abin da kake saye. In zuciyarka ba ta kwanta ba, masu falle ɗaya galibi fatar saniya ce ko ta ɓauna, kuma akwai mai hawa-hawa na fatar ɓauna kamar Talisman WB. Ka karanta jikin kwali.

Wani zai ce mu da muke da dukawa da majema me zai hana a yanko kirgi a manna. Na gwada, wani mai gyaran takalmi ya yanko min daga fatar ɗamara. Ya yi kwana uku yana daɗi sannan ya baje kamar waina, dan ba a danne shi yadda ake danne na kamfani ba. Na maneji ne kawai kafin saƙo ya iso.

5. Saye da kuɗin da zaka kashe

Ba zan rubuta farashi da naira ba dan kafin ka gama karantawa dala ta motsa. A can inda ake yin su, falle ɗaya irin Elk Master bai wuce dala ɗaya ba in an sayi kwali, mai hawa-hawa na manyan kamfanoni kuma yana kai dala 20 zuwa 30 guda ɗaya tak. Ka lissafa da canjin yau ka ƙara kuɗin kawowa.

Ka fara leƙa shagunan kayan wasanni na Sabon Gari da wajen PZ, in babu sai Kaduna ko Kano ko ka yi oda ta intanet. Masu gyaran teburin sinuka ma su kan riƙe 'yan kaɗan a jaka. Shawarata ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku sayi kwali.

Gargaɗi: jabu sun cika kasuwa. In ka ga an jera guda goma masu babban suna a kuɗin da bai kai na guda ɗaya ba, ka san me kake saye. Na taɓa faɗawa wannan ramin wajen wani mai sayarwa a intanet, sati biyu hawa na sama ya ɓare ya faɗi kan teburi ana tsakiyar wasa. Araha ba ta ado. Kuma in wannan ne karon farko da zaka manna da kanka, ka sayi masu arha guda uku ka koya da su, na farko kusan dole ka lalata shi.

6. Haɗa kayan aiki

Sabuwar reza ko wuƙar yankan kwali mai kaifi sosai, samfefa iri uku (mai kaushi lamba 80 ko 100, matsakaiciya 220, mai laushi 600), sufa gulu, salatif na takarda, robar ɗaure kuɗi, katako mai faɗi da zaka yi yanka a kai, ɗan ƙyalle da guntun fata ko takardar kwali. Duk wannan a kasuwar Sabon Gari zaka haɗa su da kuɗi kaɗan.

In ka samu sufa gulu mai kauri ka fi sa shi a kan mai ruwa-ruwan, dan mai ruwan fata na shanye shi kafin ya kama, kuma yana gangarowa jikin zobe. Kar ka yi amfani da gam ɗin takalmi, ba ya bushewa ya yi ƙarfi, yana zama kamar roba a tsakani, ƙarar ta mutu kuma tif ɗin ya riƙa zamewa. Sandar ƙanen abokina da na faɗa a sama, wannan ne duk ciwonta.

7. Cire tsoho ka share zobe

Ka naɗe zoben da salatif na takarda zagaye biyu, ka bar samanshi kawai a buɗe. Ka yanke tsohon tif da reza ɗan sama da zobe kaɗan, kar ka nemi cirewa gaba ɗaya a yanka guda, sauran ka kankare shi a hankali rezar na kwance. Manufa ita ce saman zoben ya zama fes kuma a shimfiɗe sak, babu tsohon gam babu tudu.

Gargaɗi: kar ka riƙe samfefa a hannu ka riƙa goga saman zobe, gefunan za su cinye ya zama kamar ƙoƙo a kife, tif ba zai zauna ba har abada. In dole ne ka naɗa ta a jikin abu mai faɗi mai tauri ka yi a hankali. Gwaji: ka ɗora bayan reza a kai ka ɗaga wajen haske, in haske na wucewa ta ƙarƙashi da saura.

8. Manna

Ka shimfiɗa samfefa mai kaushi a kan gilashi ko tayil, ka goga gindin sabon tif a kai kana zagayawa har shekin ya tafi ya yi gari-gari. Ka hure ƙurar, kar ka sake taɓa wajen da yatsa. Ka ɗora shi a kan zobe babu gam tukuna ka ga ya zauna ba ya rawa.

Ɗigo ɗaya na gam a gindin tif, ka baza shi ya kai ko'ina har gefe-gefe, ka ɗora, ka daidaita rarar ta fito daidai ta kowane ɓangare, ka danna da ƙarfi minti ɗaya cur. Wanda ya tsatso ka goge nan take. Sai ka kifa sandar tif na ƙasa ka ɗan danna ta a kan katako, ko ka ɗaure da robar kuɗi. Duk inda gam bai kai ba iska ce za ta zauna, kuma wannan 'yar iskar ita ce ke ba da ƙarar tsagewa a sabon tif. Ana cewa minti goma ya isa, ni awa ɗaya nake bari, in da dare ne ma sai safe. Sauri ya haifi nawa.

9. Yanke rarar gefe

Kifa sandar a tsaye tif na kan katako. Ka jingina reza a jikin zobe ka yanka ƙasa, siriri-siriri, kana juya sandar. Kullum daga wajen zobe zuwa ƙasa, kar ka taɓa yankowa sama, zaka ɓanɓare tif ɗin ko ka yanki hannunka. Reza ta fara ja maimakon yanka ka canza ta, dakusasshiya yaga fata take. Zoben roba na yankuwa kamar sabulu, ka kula kar bakin rezar ya karkata ciki.

10. Gyara kai da tsawo

A nan ne zaka iya ƙara gyara ji da ƙara da hannunka. Tif mai tsawo ya fi taushi da shiru, in ka rage tsawonshi sai ya ƙara tauri da kaifin ƙara. Dan haka ka fara da tsawo, ka buga, in ya maka laushi da yawa ka rage kaɗan ka sake bugawa. Abin da ka cire dai ba ya dawowa.

Kan kuma a lanƙwashe ake so kamar bayan ƙwarya. 'Yan Amurka da kwabbansu suke aunawa, ɗaya mai faɗin milimita 21 ɗaya mai kusan 18. In kana da tsohuwar naira ɗaya ta ƙarfe ta 2007 a durowa, kusan girman ta farkon ce, ka kara ta a bayan tif ka ga ko lanƙwasar ta bi gefenta. Sanda mai kaurin baki ta fi son wannan, siririya kuma a ɗan ƙara mata lanƙwasa. Wanda ya bar kan a shimfiɗe da gefen fata zai riƙa taɓa ƙwallo duk lokacin da ya kauce ma tsakiya, sulɓewa kenan. Wanda ya fiƙe shi kamar fensir kuma ko bugun tsakiya sai ya ba fara juyin da bai nema ba.

Ka lanƙwasa samfefa 220 a tafin hannu ko cikin rabin bututun roba, ka riƙa gogawa daga tsakiya zuwa gefe, ƙasa kawai, kana juya sanda. Gargaɗi ga mai hawa-hawa: in ka goga sama ko ka tsattsaga shi da allura kamar yadda ake ma falle ɗaya, hawan zai rabu.

11. Goge gefe, alli, sannan haƙuri

Ka shafi gefen tif da samfefa 600, ka ɗan jiƙa yatsa da ruwa ka taɓa gefen kawai, sai ka murza shi da guntun fata ko kwali da sauri har ya yi zafi ya yi sheƙi. Wannan ke hana shi yin lema da wuri. Na san al'adar 'yan wasa ita ce a lasa yatsa a shafa miyau a sake lasa, to ka tuna maganar da muka yi a mataki na 4, ruwa a murfin gora ya isa. Saman tif kuma ba a goge shi ya yi sheƙi, kaushi ake so a can.

Alli na sinuka zaka sa, irin su Master ko Triangle. Allin makaranta ba shi da yashin da ke kama ƙwallo, santsi ma yake ƙarawa. Shafawa ake yi kamar mai shafa jan baki, ba a huda alli da sanda kamar mai haƙa rijiya ba. Alli ya yi rami mai zurfi ka yar ko ka goge shi ya baje, in ba haka ba zoben yake ci.

Sannan kar ka yanke hukunci a daren farko. Sabon tif sai ya sha bugu na kwana biyar zuwa sati kafin ya zauna ya nuna ainihin muryarshi, musamman mai taushi. In ya yi lema a wannan satin ba laifi ba ne, ka aske ka sake goge gefen, yawanci daga na biyu ya tsaya. Wasu ma tun kafin su manna suke matse Elk Master a bakin matsin ƙarfe ya kwana, har akwai masu jiƙa shi a madara tukuna sannan su matse, yana fitowa da tauri mai daɗi. Madara na ce, kar wani ya je ya tsoma a kindirmo ya ce ni na faɗa.

12. Hunturu da damina

Iskar Zariya na taɓa fata sosai. Daga Disamba zuwa Fabrairu tif na bushewa, ƙararshi ta ƙara kaifi, samanshi ya yi santsi da wuri, ga ƙura na cika ƙyallen teburi. A lokacin ka riƙa ɗan danna samfefa mai kaushi a saman kana juyawa, dannawa kawai ba gogewa ba, dan ya buɗe ya karɓi alli. Kar ka shafa mashi mai ko basilin wai dan ya yi laushi, ka kashe shi kenan. A watan Agusta kuma fata na shan danshi, mai taushi ya ƙara laushi ya kumbura, alli ma ya yi danƙo, sai ka riƙa ajiye sanda da alli a cikin jaka a ɗaki. Barin sanda a but ɗin mota da rana ko jingine da bango ya fi duka illa, gam ya saki katako ya lanƙwashe.

Lokacin canji kuma, ka duba gefen tif ɗin, wato tsayin da ya rage tsakanin zobe da inda lanƙwasa ta fara. In ya kusa milimita 1 ka canza ko da yana maka daɗi, dan daga nan zobe ne ke karɓar duka, kuma ranar da ka sauke sanda ƙasa zaka ja fara baya gefen zoben na iya kartar ƙwallo ko ya yagi ƙyallen teburin mutane, kuɗin ƙyalle kuwa ya ninka na tif sau da yawa.